Abin da Ba Ta Faɗa wa Gwaggo Ba

Akwai wata ma'aikaciya a wani kamfanin sabulu da abokan aikinta suka laƙaba wa suna Uwar Shafi. Ita ce ke kula da shafin intanet na masu hannun jari, wato mutanen da suka zuba kuɗinsu a kamfanin suna jiran riba. Sunan tsokana ne, amma ya bi ta, don yadda take kaffa-kaffa da shafin nan ko mai jego sai haka.

Ba ta yarda da turancin burga ba. In rahoto ya zo mata da kalmomi masu karya haƙori, sai ta mayar da shi a sake rubutawa yadda mai shago zai gane. Ta cire manyan hotunan da ke cinye data, don shafin ya buɗe ko a ƙaramar waya. Rahoton shekarar riba da na shekarar faɗuwa duk suna nan a jere, kowanne da kwanan watansa. Lambar wayar da ke ƙasan shafi kuwa a kan teburinta take ƙara, kuma tana ɗauka.

Amma babbar dokarta ita ce, labari mai daɗi ko marar daɗi ya isa ga kowa a lokaci ɗaya.

Cikin masu hannun jarin akwai gwaggonta, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce. Da ta yi ritaya, sai ta kwashe kuɗin sallamarta ta sayi hannun jari a kamfanin. Tun daga ranar ba ta cewa komai sai "kamfaninmu," kuma baƙon da ya shigo mata da wani sabulu daban sai ya sha tambaya.

Wata ranar aiki da hantsi, babbar tukunyar dafa sabulu ta fashe. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Sai dai injiniya ya ce gyara zai ci watanni, kuma rubutaccen rahotonsa zai fito washegari da safe.

Uwar Shafi ta rubuta sanarwa a taƙaice: abin da ya faru, abin da aka sani, da abin da ba a sani ba tukuna. Ta kai wa Manaja.

Manaja ya karanta, ya ture takardar gefe. "Malama, wannan tonon asiri ne. Mu ba shi mako guda. Kafin nan zan kira manyan masu jari in shafa musu ruwan sanyi. Ƙananan nan za su ji daga baya."

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "wanda ya ji da wuri zai sayar da nasa kafin farashi ya faɗi. Wa zai saya? Wanda bai ji ba."

"Ke lauya ce ko mai shafi?"

"Mai shafi ce. Gobe da rahoton injiniya ya iso zan ɗora. In ka hana, ka rubuta mini cewa kai ka hana, in kai wa shugaban hukumar kamfani."

Manaja ya kalle ta kamar ya haɗiye ta. Ya sa hannu a sanarwar yana huci. Tana fita ya jawo wayarsa ya kira wani amininsa mai babban jari.

Da la'asar, bayan an tashi, ta biya gidan Gwaggo kamar yadda ta saba. Ta tarar da ita a tsakar gida, tabarau a kan hanci, tana ƙoƙarin zura zare a allura. Gwaggo ta zuba mata abinci, ta nuna mata silin ɗaki inda ruwan sama ya yi zane.

"Ribar bana in ta fito, kwanon rufin nan zan sauya. Yaya kamfaninmu, 'yar nan?"

Uwar Shafi ta ajiye lomar da ta ɗauko. Kalma ɗaya ta isa. In ta ce "sayar," da safe Gwaggo za ta sayar da hannun jarinta ta tsira da gumin rayuwarta. Matar nan ce ta sayar da keken ɗinkinta ta biya mata kuɗin jarrabawa.

Amma ta tuna cewa duk wanda zai sayi na Gwaggo gobe, shi ma gwaggon wani ne ko kawun wani.

"Gwaggo, kin san ba na kawo zancen ofis gida," ta ce. Ta karɓi allurar ta zura mata zaren.

Washegari sanarwa ta hau shafi. Kafin azahar farashin hannun jari ya rufto. Wayar teburinta ba ta huta ba, wasu na zagi, wasu na kuka, ita kuwa tana ba kowa amsa iri ɗaya. Can sai ga muryar da ta fi tsoro.

"Jiya da kika ci abincina, kin sani?"

"Na sani, Gwaggo."

"To, madalla." Ta kashe wayar.

Daga ranar Gwaggo ta ɗauke mata wuta. In ta je gaisuwa, sai a amsa a daƙile, a ci gaba da ɗinki. 'Yan uwa suka sa ta a baki, wai boko ya cinye mata zumunci. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta rame har zobe ya fara zame mata a yatsa. Duk da haka ba ta fasa zuwa gaisuwa ba, ba ta kuma fasa aikinta ba. Kowane mako sai ta ɗora halin da gyara yake ciki, ko da labarin shi ne kayan gyara sun makara a hanya.

Sai ranar babban taron masu hannun jari ta zo. Zauren ya cika, fanka na juyawa amma kowa na gumi. Wani dattijo mai sayar da kayan gini ya miƙe ya ce ya ji aminin Manaja ya sayar da nasa kaf tun kafin sanarwa ta fito. Wuri ya kaure. Manaja ya goge goshi ya ce shi bai san komai ba, a tambayi wadda ta rubuta sanarwar, don ita ta kwana da labarin.

Idanu suka koma kan Uwar Shafi. Ta buɗe baki, hayaniya ta danne ta.

Daga kujerun baya Gwaggo ta miƙe, ta dogara sandarta har gaban lasifika.

"Ni na raini yarinyar nan," ta ce. "A ranar ta zo gidana, ta ci abincina, na tambaye ta, ta ƙi faɗa mini. Hannayen jarina suna nan, sun faɗi tare da naku, ɗakina har yau yoyo yake. Na yi fushi da ita, har yanzu ma da saura. Amma wadda ta hana ni, ku gaya mini wa za ta ba?"

Shugaban hukuma ya juya a hankali ya dubi Manaja, Manaja ya dubi takalminsa.

Bincike bai yi wahala ba. Aka sallami Manaja ya kwashe kayan teburinsa, amininsa kuma ya shiga hannun hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari. Masu jari suka yanke shawarar ci gaba da yin haƙuri da kamfanin, don sun ga akwai wuri ɗaya da ba a yi musu ƙarya. Aka gyara tukunya, farashi ya riƙa farfaɗowa a hankali.

Da yammacin ranar taron Uwar Shafi ta je gidan Gwaggo tana ɗari-ɗari. Ta tarar da kwanon abinci a rufe a inda ta saba zama. Gwaggo ba ta ɗago kai ba, ta dai miƙo mata allura da zare.

"Zura mini. Kuma kada ki gaya mini komai, ni ma na iya buɗe shafin yanzu."

Darasi: Duk wanda aka damƙa wa labarin dukiyar jama'a, amana aka ba shi. Ya faɗi gaskiya a kan lokaci, da harshen da kowa zai gane, kuma ya faɗa wa babba da ƙarami tare, ko da na jikinsa ne zai ji ciwo. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, musamman masu riƙe da amanar mutane.