Taron Dashen Itace da Tsamiyar Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, mun kasa kunne.

Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, rafi ya ƙafe, itatuwan daji suka ƙare sai tsamiya ɗaya. A kanta Shamuwa ta yi sheƙa har ta saka ƙwai uku.

Sai Zaki ya kira babban taron dashen itace, ya naɗa Gizo shugaban shirye-shirye. Gizo ya ce baƙi na son rumfa, shinkafarsu kuma ba ta dahuwa sai da itace. Aka nufi tsamiya da gatari.

Shamuwa ta durƙusa gaban Zaki ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaina suna sama."

Zaki ya ce, "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah, za a ambace su a jawabi."

Aka sare tsamiya, ƙwai suka fashe. Baƙi suka ci suka ƙoshi, aka dasa ɗan tsiro ɗaya. Kura ta ce, "Gizo, sake ɗaukar hoton nan, wayarka ta yanke mini kunne!" Sau bakwai ana tuge tsiron ana mayarwa don a sake hoto, har ya mutu. Shamuwa kuwa ta tashi, ba ta ko waiwaya ba.

Da shekara ta zagayo babu ruwa, Zaki ya ce a sake taro, a nemo itacen girki.

Gizo ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan ɗaga. Kujerarka ce kaɗai ta rage."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa toka.