Bunsurun da Ya Ƙi Sauke Kayan Mutane

Dalilin da ya sa bunsuru yake wannan warin da kuke toshe wa hanci, ba ƙin wanka ba ne. Kai Ɗantani, ajiye dutsen nan, wucewa kawai yake, bai ci maka komai ba. Ku matso ku zauna. Wanda ya katse ni kuwa, na naɗe tabarmata.

A can da, zamanin da Bani Isra'ila suke zaune cikin jeji a tantuna, bayan Allah ya fisshe su daga bautar Masar, babu dabbar da ta kai Bunsuru ƙamshi. Kuna dariya? To ku yi. Makwancinsa yana bayan tantin masu daka turaren ibada, duk garin da ya tashi daga turminsu a gashinsa yake sauka. In ya gifta, mata har rige-rigen kiransa suke ya shigo ya ɗan kwanta a kan shimfiɗar baƙi. Shi ma ya san da haka. Tafiya yake yana kaɗa gemu, yana tsayawa inda iska za ta kai wa mutane labarin isowarsa. Duk duniya ba abin da yake ji da shi kamar ƙamshin nan.

Sai dai yana da hali guda, gulma. Ya shiga tantin nan ya lumshe ido kamar mai barci, kunne kuwa a miƙe. Kafin la'asar, abin da aka faɗa a gabas ya kai shi yamma, har da ƙarin gishiri.

To, mutanen nan suna da wata babbar rana a shekara, Ranar Kafara. Ranar kowa yana azumi, ba mai aiki, ana roƙon Allah gafara. Akan kawo bunsuru biyu marasa aibu gaban babban firist, wato limaminsu, a jefa ƙuri'a. Ɗaya a yi hadaya da shi. Ɗayan kuma firist ya ɗora masa hannuwa a ka, ya furta laifofin jama'a duka a kansa, a kai shi can cikin jeji a sake shi, ya tafi da su.

A shekarar nan da aka tashi neman mara aibu, wa za a tuna in ba mai ƙamshi ba? Aka jawo shi yana turjewa. Allah ya sa ƙuri'ar saki ta faɗo kansa. Nan take turjiya ta ƙare, gemu ya koma kaɗawa.

Babban firist, wani tsoho mai sanyin murya, ya dafa kansa da hannu biyu, ya sunkuya ya fara furtawa a hankali, yadda ba mai ji sai Allah sai wanda aka dafa. Wayyo daɗi! Abin da Bunsuru ya shekara yana laɓe bai samu rabinsa ba, ga shi ana ɗura masa a kunne kyauta. Ya ji wanda ya hura wuta ranar Asabar, ranar hutunsu, ya ce ita ta kama da kanta. Ya ji wanda yake matsar da turken tantinsa kaɗan-kaɗan cikin filin maƙwabci. Har da na Tirza, matar da ta fi kowa tsawon addu'a. Ashe ta taɓa ɓoye manna, abincin nan da Allah yake sauko musu da shi kowace safiya, ya kuma hana a kwana da shi. Da ya yi tsutsa ya cika tanti da ɗoyi, sai ta ce ƙafar mijinta ce. Bawan Allah ya yi ta dirzar ƙafa da toka har fata ta saɓule.

Jama'a suna kuka, Bunsuru yana cije leɓe don kada dariya ta kufce masa. Da firist ya ɗaga hannu, har sai da ya ƙara miƙa masa kai, ko akwai saura.

Wanda aka ba igiyarsa wani mutum ne mai suna Malluk, dogo, mara yawan magana. Suna fita sansani Bunsuru ya tambaye shi yaya daɗin nonon akuyar maƙwabcinsa, wadda yake tatsa in mai ita ya juya baya. Malluk ya yi tuntuɓe a inda babu dutse.

Da suka kai bakin wani kwazazzabo mai zurfi, Malluk ya kwance igiya, ya isar da saƙon da firist ya ba shi.

"Ka tsaya nan ka girgiza jikinka, kayan nan su zube ciki. Sai ka yi gabas, akwai ruwa da ciyawa, ka ci gaba da ƙamshinka. Amma in ka bar su a jikinka, ruɓewa za su yi. Kuma kada ka dawo sansani."

Ya juya da sauri, ko waiwaye babu.

Bunsuru ya leƙa kwazazzabo. Ya gyara tsayuwa zai girgiza, sai ya tuna da ƙafar mijin Tirza. Haba! Wannan labarin a zubar da shi a rami, ko mutum ɗaya bai ji ba? Ai kamar a ce mutum ya cika rumbu ya cinna masa wuta ne. Ya ce wa ransa bari dai ya ba wani tukuna, sannan ya girgiza.

Wanda ya fara samu ƙadangare ne a kan dutse. Ya zauna ya kwashe masa labari tas, har da kwaikwayon muryar Tirza. Ƙadangare ya yi ta gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗa kai. Da aka gama sai ya tambaya wace ce Tirza, mene ne kuma manna. Ran Bunsuru ya ɓaci. A nan ya gane gulma ba ta da daɗi sai a gaban wanda ya san mai ita.

Yana ta yawo da kayansa, rana tana dukansu. Shi bai ji komai ba, don mai wari ba ya jin na jikinsa da wuri. Sai ya lura ƙudaje sun yi masa rakiya, ungulaye kuma suna shawagi a kansa. Wata tsohuwarsu ta sauko, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ba gaggawa suke ba, amma in ya san lokacin da zai ƙarasa mutuwa ya taimaka ya faɗa musu, don sun ji alamar an fara.

Ya juya ya sunsuna kafaɗarsa. Ƙamshin yana nan, amma kaɗan ya rage, wani abu yana taso masa daga ƙasa. Tsoro ya kama shi sosai. Ga kwazazzabo can, gudu kaɗan ne. Ga kuma hayaƙin sansani a ɗaya gefen, inda kowa ya san Tirza. Ya dubi nan, ya dubi can. Kun san wanda ya zaɓa.

Da hantsi ya shigo, amma warinsa ya riga shi isowa. Masu daka suka saki taɓare, jakuna suka tsinke igiya. Da aka gane ko wane ne, sansani ya rikice, ga laifofin shekara guda sun dawo da ƙafa huɗu. Mai matsar da turke ya ruga yana mayar da shi inda yake. Malluk ya laɓe bayan jaki, ya manta ya fi jakin tsawo. Tirza kuwa ta fara addu'ar da ba ta taɓa yin mai gaskiya irinta ba. Wasu suka ɗebo duwatsu.

Babban firist ya fito, ya rufe hanci da gefen riga, ya hana a yi jifa. Ya ce a bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi.

Bunsuru ya hau kan wani tudu. Ga jama'a cike, kowa ya san kowa, ranar da ya yi ta mafarki ke nan. Ya gyara murya, ya dubi Tirza, ya buɗe baki.

"Bu-bu-bu-bu."

Ya yi tari, ya sake gwadawa da Malluk. Bu-bu-bu. Ya laluba cikin kansa, ba suna, ba labari, wayam.

Tsohon ya ce, "Abin da Allah ya shafe, ba bakin da zai iya maido shi. Laifofin sun tafi tun ranar. Abin da ka yi ta dako, ruɓar ce kawai."

Sai a lokacin Bunsuru ya girgiza. Ya girgiza har ya faɗi, ya tashi ya sake. Ina! Abu ya riga ya ratsa fata. Ya ruga bayan tantin masu turare zai yi birgima a tsohon makwancinsa, suka fito masa da taɓarya. Matan da suke rige-rigen kiransa suka sassauke labule. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya yi kuka na gaske, har Tirza ta ji tausayinsa ta miƙo masa ruwa, amma da dogon ludayi. Firist ya ce a bar shi da ransa, ya zauna can bayan sansani wajen awaki.

To, shi ya sa har wa yau, shi da jikokinsa, duk inda suka bi sai an kau da hanci. In kun ga bunsuru ya ɗage leɓe sama yana shaƙar iska, tsohon ƙamshinsa yake nema. In kuma ya bi akuya yana bu-bu-bu a kunnenta, labarin Tirza yake son ba ta, ya ƙi fitowa.

Yauwa, Ɗantani. Ɗazu ka shigo da gudu ka ce ka ga abin da yayarka ta yi a bayan rumbu, za ka faɗa mini. Matso kusa in sunsuna ka tukuna.