Hoton Dobri a Allo na Uku

Akwai wani mutum a birnin Plovdiv mai suna Rumen, yana da shagon buga hotuna da sanarwar rasuwa, irin wadda ake mannawa a ƙofofi da jikin bishiyoyi. Ya iya aiki, amma Allah ya zuba masa son burgewa.

Allunan kwamfuta uku ne a teburinsa. Biyu suna kallonsa, na uku a can dama yana kallon kwastoma. Rumen ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wai na 'yan koyo ne. Sai dai ya danne maɓallan Windows da Shift ya buga maɓallin kibiya, tagar aikin da ya buɗe ta yi tsalle daga wannan allo zuwa wancan.

Wata safiya wata tsohuwa mai suna Velichka ta shigo. Mijinta Dobri ya rasu, tana son sanarwar kwana arba'in. Ta kwance hoton marigayin daga cikin hankici.

"Ɗana, bi shi a hankali. Shi kaɗai nake da shi. Marigayi ba ya yarda a ɗauke shi hoto."

"Zauna, Inna, yanzu za ki ga aiki."

Ya saka hoton a kwamfuta, ta zauna gaban allonta tana jira. Da ya lura Dobri yana da manyan kunnuwa, sai sheɗan ya raya masa ya ba abokiyar aikinsa Nevena dariya. Ya yi kwafi a allon hagu, ya ja kunnuwan suka koma na jaki, har ya ƙara masa haƙora.

"Nevena, zo ki ga angon," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Kai dai ba ka da tsoron Allah. Rufe abin nan."

Tsohuwa ta ɗan miƙe. "An gama ne, ɗana?"

Rumen ya rikice. Yatsunsa suka yi abin da suka saba, ya buga kibiyar hagu don ya nesanta tagar daga gare ta. Ya manta cewa idan taga tana allon ƙarshe, zagayowa take yi ta ɓullo a ɗaya ƙarshen.

Dobri mai kunnen jaki ya cika allon da ke gaban matarsa.

Nevena ta toshe baki da hannu. Rumen kuwa ya rasa maɓallin da zai taɓa. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Inna, wasa ne, kwafi ne kawai. Naki yana nan lafiya."

Ba ta yi zagi ba. Ta miƙa hannu, ya ba ta hotonta, ta fita.

Rumen ya kasa samun sukuni. Ranar arba'in ya gyara sanarwa mai kyau ya kai mata har gida. A ƙofarta ya tarar da wata da aka buga a wani shagon. Suna yana nan, shekaru suna nan, amma babu hoto.

"Inna, ga wannan, da hotonsa."

"Mayar da abinka, ɗana. Hoton yana cikin akwati. Duk sanda na ɗauko shi, kunnuwan nan nake gani."

Darasi: Kada ka mayar da abin da wani yake ƙauna abin dariyarka, ko da kana ganin ba zai gani ba. Hannun da ya ƙware ma yana kuskure, kuma ba kowace ɓarna haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki su karanta.