Raken Malam Maliki

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gefen dajin Kakangi, ana kiransa Ja'afaru. Ba malalaci ba ne, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma idan rowa cuta ce, to tasa ta wuce a kai shi asibiti.

Mahaifinsa, Malam Maliki, shi ya kawo wani irin rake daga ƙasar Maƙarfi, 'yan sanduna kaɗan a cikin jiƙaƙƙen buhu. Rake ne mai laushi, ko tsoho mai giɓi zai sha, ga zaƙi har ya hau kai. Tsohon ya yi shekaru yana yaɗa shi a fadamarsa, da niyyar idan ya yi yawa ya raba wa jama'a. Bai kai ga rabon ba Allah ya yi masa rasuwa.

To ga inda zancen yake. Rake ba dawa ba ne, ba shi da ƙwayar da za a zuba a rumbu. Kan sandar ake yankewa a binne ya tsiro, idan kuma ya kwana biyu a waje ya bushe. Shi ya sa a yankin, duk wanda ya sare rakensa yakan tara kawunan a bakin gona, mai son iri ya ɗiba, ragowar shanun Fulani su ci.

Ja'afaru ya ce shi bai san wannan zance ba. Ko sanda ɗaya ba ya kaiwa kasuwa, don kada wani ya saya ya dasa. Duka yake matsewa a inji ya dafa mazarƙwaila. Kawunan kuwa, zai ɗebi na dashensa, sauran ya shanya su ya cinna musu wuta, yana tsaye har su zama toka.

Wata rana Japheth, aminin mahaifinsa, ya same shi a bakin wutar.

"Ɗana, babanka ya yi mini alkawarin irin nan. Ba ni ko dami ɗaya in sa a wajena. Ka bar wasu su kai ƙauyukan Kusasu da Kutemeshi. Zaman dajin nan ba tabbas."

"Baba Japheth, wanda ya yi maka alkawari yana ƙasa," in ji Ja'afaru. "Idan kowa ya samu, wa zai nemi mazarƙwailata?"

Dattijon ya ɗauki fartanyarsa ya tafi. Wallahi ni mai ba ku labarin nan, duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai raina ya ɓaci. Abin da za ka ƙone fa aka roƙe ka.

Ba a daɗe ba 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen. Mutane suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka gudu cikin garin Birnin Gwari. Ja'afaru ya yi ta ƙoƙarin komawa ya ciro ko saiwa ɗaya, hanya ta ƙi. Kullum yana tasha yana tambayar direbobi ko an ga fadamarsa. Amsar ɗaya ce, babu mai leƙawa can.

Da ƙura ta lafa aka koma, ya tarar da fadamar fayau. Gobarar daji ta bi ta kai, shanu sun tattake, gara ta cinye kututturan. Ya durƙusa yana tona ƙasa da hannu, duk wanda ya ciro sai ya marmashe.

Maƙwabtansa ba su sha wannan wahala ba. Irin nasu yana gonakin 'yan'uwa a ƙauyukan da suka tsira, suka je suka ɗauko a babur. Shi kuwa ya bi Kusasu gida-gida, ya bi Kutemeshi, ko Allah ya sa wani ya taɓa sace masa. Ka ji fa, mutum yana addu'ar a ce an yi masa sata. Har Maƙarfi ya je, aka ce wanda ya ba mahaifinsa ya rasu, fadamar kuma an mayar da ita gonar shinkafa.

Ya dawo jiki a sanyaye, ya tarar da yayarsa Saude ta zo daga Kaduna yi musu barka da komawa gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Ka saro mini na Baba in tafi wa yara da shi. Na cika su da labarinsa."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. "Yaya, babu."

"A gonarka babu. To a wajen wa za a samu?"

Ya buɗe baki zai faɗi suna, ya duba garin kaf a zuciyarsa, bai samu ko ɗaya ba.

Darasi: Wani abin ba a ajiye shi sai a hannun mutane. Alherin da ka hana maƙwabcinka yau, ƙila ajiyarka ce ta gobe ka ƙone da hannunka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san hannunsa ba ya buɗewa.