Maganin Kwana Goma Da Aka Sha Wata Uku

Akwai wata mata da ta yi shekara ashirin tana wankin zannuwan gado a asibiti. Tana da kirki, amma akwai ta da girman kai. Don ta ga likitoci suna wucewa ta bakin ɗakin wanki, ta ɗauka ita ma ta gama sanin magani.

Ƙaninta kafinta ne, ita ta raine shi. Wata rana yana yankan katako, farfaɗiya ta kayar da shi. Da aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce ƙwan tsila, wato tsutsar ciki, ya kai ƙwaƙwalwa ya yi ƙullutu. Ya ba da maganin kashe tsutsar, da wata ƙwaya mai sauke kumburi.

"Wannan ta kwana goma ce kawai," in ji likita. "In ya yi zazzaɓi, ku dawo nan take."

Ƙwayar ta karɓe shi. Ciwon kai ya tafi, yana cin abinci, kumatu suka fito. Da ta ƙare, yayar ta je kantin magani ta sayo wata, ta sake sayowa, har wata uku.

Matarsa ta ce, "Yaya, likita fa kwana goma ya ce."

"Ke yaushe aka haife ki? Dube shi yadda ya murje!"

Sai zazzaɓi ya zo, wuyansa ya sandare. Matar ta roƙa a koma asibiti, yayar ta ce na sauro ne. Kwana shida suna jiƙa tawul suna shafa masa, har ya daina gane 'ya'yansa.

A asibiti likita ya ce ƙwayar ta karya garkuwar jikinsa, ƙwayoyin cuta sun shiga ƙullutun, ya cika da mugunya. Ya ɗaga kwalin ƙwayar ya ce, "Wa ya ci gaba da ba shi wannan?"

Matarsa ta sunkuyar da kai, ba ta tona yayar ba. Yayar ta ce, "Ni ce." Aka yi masa aiki, amma bai farfaɗo ba. Wayyo, yayar ta yi kuka mai ban tausayi, tana cewa da hannunta ta ba shi.

Jama'a, ƙauna ba ta maye gurbin sani. In likita ya yanka wa magani lokaci, a tsaya a nan. In ya ce a dawo, a koma da wuri, kuma a saurari na ƙasa idan ya faɗi gaskiya.