Dubu da Tara Ba Ta Rabuwa

Jikokina, ni karatuna bai yi nisa ba, amma wannan lissafin na riƙe shi tun daga bakin kakata.

A zamanin da, wani sarki mai suna Barmo ya ci wani gari da yaƙi. Ya tara mutanen a cikin shinge, ya rantse da Alƙur'ani a gaban sarakunan yaƙinsa bakwai cewa duk waɗanda azahar ta samu a shingen nan za a raba su daidai, ba kisa, ba cirewa, ba saura. Aka ƙidaya, dubu da takwas. Kowane sarkin yaƙi zai tashi da ɗari da arba'in da huɗu.

Tsohon wazirin garin, Nomau, an yafe masa don tsufa. Yana waje, 'yarsa Tasalla tana cikin shingen da 'ya'yanta uku, ta rungume su tana ihu: "Baba, za a kai kowa gari dabam!"

Nomau ya faɗi gaban Barmo. "Ranka ya daɗe, a bar uwa da 'ya'yanta."

"Tsoho, rantsuwa ba ta da uwa."

Nomau ya yi ta zane a ƙasa da sandarsa. Ladan na shirin ɗaga murya ya kira azahar, sai tsohon ya kutsa cikin shingen ya zauna. Dogarai suka yi dariya, wai tsufa ya taɓa shi.

Aka raba su kashi bakwai, mutum ɗaya ya yi saura. Sarki ya ce a yi takwas. Saura ɗaya. Tara, saura ɗaya. Biyar, saura huɗu. Mutane na tsaye a rana, ana jera su ana warwarewa kamar buhunan gero, yara na suma.

Malamin hisabin fada ya cika allo ya wanke, ya gwada rabon har kashi talatin da ɗaya, ya ajiye alƙalami. "Allah ya ba ka nasara, gaba da nan wahala ce kawai, duk maimai ne. Lamba iri biyu ce. Akwai mai rabuwa, akwai mai taurin kai. Dubu da tara ba ta da mai raba ta sai ɗaya, sai ita kanta."

"Fito da tsohon nan!" in ji sarki.

"Ka rantse ba cirewa," in ji Nomau. "Hanya biyu ta rage. Ko ka ba mutum ɗaya dukanmu."

Sarakunan yaƙi bakwai suka dubi juna, kowa ya dafa takobi. Barmo ya ga haka, gumi ya karyo masa.

"Ko me?"

"Ko kashi dubu da tara. Ka ba kowa kansa."

Sai sarki ya ce a buɗe shinge, ya sallami mayaƙansa da kyautar dawakai.

Tasalla ta kama tsohon tana kuka tana faɗa: "Da lissafin ya kuskure fa?"

Ya ce, "Da aƙalla an kai ni inda aka kai ɗayanku."

Ku tashi haka nan, tuwo na hucewa.