Lambun da aka goge a shagon gyaran waya

Akwai wani mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Ya iya aikinsa, amma ba ya jin maganar kowa. Kana fara bayani zai ɗaga maka hannu.

Wata safiya wani dattijo, direban motar haya, ya kawo masa waya mai yawan maƙalewa.

"Ɗana, ka duba min ita. Amma don Allah akwai wani wasa a ciki, kada ka taɓa shi."

Injiniya ya buɗe. Irin wasan nan ne da ake danna bishiya lemu na zubowa, ko ka ajiye wayar lambun na ci gaba da girma. Ya kwashe da dariya.

"Baba, da furfurarka? Ai wannan shirmen ne ya cika wayar."

"Ka saurare ni tukuna..."

"Ka dawo da la'asar kawai."

Dattijon na fita, Injiniya ya goge komai na cikin wayar. Ta dawo garau.

Da la'asar dattijon ya karɓa, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina lambun?"

"Na share shi. Sai a sauke maka sabo, minti biyu ne."

Dattijon ya zauna kan benci.

"Na 'yata ne. Wata bakwai tana kwance a asibiti, shi take dannawa idan ciwo ya tsananta. Ita ta sa masa suna Lambun Baba. Bara ta rasu. Kullum kafin in tayar da mota sai na leƙa, in ga abin da ta shuka yana ƙaruwa."

Wasu masu jiran gyara biyu suka karɓi wayoyinsu suka fice.

Injiniya ya roƙi a bar masa wayar. Kwana uku yana fama, ya kira duk wanda ya sani a sana'ar. Lambun bai dawo ba, don yarinyar ba ta adana wasan a ko'ina ba.

Ya sami dattijon a tasha, ya durƙusa a gaban mutane.

"Baba, na kasa. Ka yafe min."

"Na yafe, ɗana. Amma da ka bari na ƙarasa maganata."

Dattijon ya karɓi wayar, ya sa a aljihu, ya shiga mota.

Darasi: Abin da ka ɗauka shirme, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani. Ka bari mutum ya gama magana kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe amanar kayan jama'a.